Ni na rubuta takardar da ta zaunar da lamba goma

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Tawa, na taɓa shiga harkar ƙwallon ƙafa ba tare da ƙafata ta taɓa ƙwallo ba. Waɗanda suka san ni a cikinku za su yi dariya. Ni ne ɗalibin nan da in an fita shan iska yake neman gindin bedi ya buɗe littafi, in ƙwallo ta gangaro wajensa ya ɗage ƙafa ta wuce.

Abokina kuwa, wanda muke zaman tebur ɗaya, shi ne lamba goma na ƙungiyar makaranta. Ɗan Bambeye ne, yana zaune gidan kawunsa cikin gari. Siriri ne, mai tafiya kamar ba a jiransa ko'ina, kuma a fili ma haka yake. Ba ya gudu. Zai tsaya tsakiya, hannu ɗaya a ƙugu, yana waige-waige kamar ya yar da wani abu. Sai ƙwallo ta zo masa, ya taɓa ta sau ɗaya, ka gan ta ta ratsa tsakanin mutum uku ta faɗi gaban ɗan gabanmu. Na taɓa tambayarsa inda ya koyi haka, ya ce a garinsu bisa rairayi suke wasa. "Can in ka cika gudu, rairai ya cinye ka tun ba a juya ba. Sai ka bar ƙwallo ta yi gudun."

A shekarar aka kawo mana sabon malamin wasanni, matashi, wanda bai daɗe da dawowa daga horo a Yamai ba. Mushe muke ce masa kamar sauran malamai. Wayarsa cike take da wasannin Turai, yakan tara 'yan wasa ya nuna musu yadda mutum goma ke rufar wa ƙwallo da zarar ta kuɓuce musu. Ya ce ƙwallon duniya ta canja, yanzu kowa mai tsaro ne, kowa mai gudu ne. Ya kuma ce za a je gasar makarantu a Yamai, inda masu manyan ƙungiyoyi ke zuwa duba 'yan wasa, kuma shi ba zai zaɓi kowa don suna ko don ihun 'yan kallo ba, takarda ce za ta zaɓa. Yana neman mutum mai tsabtar rubutu wanda ba ya wasa. Aji duka ya juyo ya dube ni.

Ya ba ni littafi, ya ja layi uku gaban sunan kowa. Na farko, ƙwallon da mutum ya ƙwato. Na biyu, wadda ya zubar. Na uku, sau nawa ya koma baya da gudu don tsaro. Wasa huɗu za a yi na gwaji. Na ɗauki aikin kamar jarrabawa, na zo da bik biyu na rubutu, shuɗi da ja, na zauna kan benci ina sa karan tsaye ɗaya bayan ɗaya.

Tun wasan farko na ci karo da abin da layukan ba su tanada ba. Abokina ya tura ƙwallo wani fili da babu kowa, bayan masu tsaro. Ɗan gabanmu bai tashi da wuri ba, sai mai tsaron gida ya fito ya ɗauke abarsa. 'Yan kallo suka yi ca a kan ɗan gaban: "Kai, kwana kake?" Kowa ya ga da ya motsa da an ci. Amma ƙwallon daga ƙafar abokina ta fita, kuma hannun abokan gaba ta ƙare. To wa ya zubar?

Mushe na tsaye kusa da ni, usur a baki. Tambaya ɗaya ce. Na miƙe, na ga yana yi wa wani tsawa, na koma na zauna. Na yanke wa kaina hukunci: zan rubuta ta a kan wanda ya buga, amma in ɗiga jan ɗigo bisa karan, don a san wannan ba zubarwar sakaci ba ce.

Da aka tafi hutun rabin lokaci abokina ya zo ya leƙa ta kafaɗata.

"Sakatare, mi ka rubuta mini?"

Na rufe littafin na ce, "Abin da na gani."

"To, Allah ya sa idonka ya hi na ɗan gabanmu gani."

Kafin a gama wasa na huɗu, layinsa na biyu ya fi na kowa tsawo, kuma fiye da rabinsa jajayen ɗigo ne. Layin ƙwato kuwa fayau.

Ranar da zan kai littafin, tun daga gida nake shirya bayanin a kaina, da Hausa da Faransanci. Na iske Mushe a ɗakin malamai, wasu malaman na gyaran takardu. Ya bi shafukan da yatsa, ya yaba tsabtar aikin, sannan ya tsaya kan sunan abokina.

"Wanga ba abokinka ba ne?"

"Shi ne, Mushe."

"Ka ga amfanin takarda. Ba ta san aboki ba." Ya ƙara matso da littafin. "Waɗanga jajayen ɗigon fa, na mine ne?"

Malamin lissafi ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau. Duk bayanin da na shirya ya watse. Na ji bakina ya ce, "Ba komi, Mushe. Bik ɗin ne ke zuba."

Ya yi dariya ya ce in sayi wani. Na ce to, na fita.

Da aka manna sunaye a bango babu na abokina. A gurbinsa an sa wani ɗan Tebaram, mutumin kirki, wanda zai yi gudu tun daga farkon wasa har ƙarshe bai nemi ruwa ba. Abokina ya karanta takardar sau biyu, ya ce "To," ya gyara jakarsa ya wuce. Washegari ya karɓi littafina na lissafi ya kwafa kamar kullum. Bayan nan ya daina zuwa filin makaranta.

Dole in faɗi wannan don kada a ɗauki Mushe mugu: ƙungiyar ta je Yamai ta yi rawar ganin da ba mu saba gani ba, kuma wata ƙungiya ta riƙe ɗan Tebaram ɗin. Da ma'aunin da Mushe ya zo da shi, daidai ya zaɓa.

Yau abokina yana sayar da kayan gyaran babur kusa da tasha, yana da mata da 'ya'ya mata biyu. Ni har yanzu karatu nake. Hutun da ya wuce, wata la'asar muna kallon wasan Turai a fadarsu ta zaman hira ana dafa shayi, na ba shi labarin ɗigon nan, karo na farko. Ya tafa hannu ya ɗaga murya: "Jama'a, ku taho ku ga wanda ya hana ni zuwa Turai! Shekara da shekaru ina ba shi shayi!" Aka yi ta yi mini dariya. Da ta lafa sai ya ce, "Sakatare, ko ka yi magana ba ya ɗaukata. Dubi telen ga. Gwada mini mutum guda da ke tsaye."

Na duba. Kowa gudu yake.

Ba na cikin masu cewa ƙwallon da can ta fi ta yanzu, ban ma san ta sosai ba balle in yi hukunci. Abin da na sani shi ne takarda tambayar da aka ja mata layi kaɗai take amsawa, kuma cin da ya kusa faruwa bai faru ba ba shi da layi. Aikin lamba goma kuwa rabinsa can yake. Wataƙila gaskiyar abokina ce, maganata ba za ta canja komi ba. Amma da na so a ce Mushe ya ji bayanin sannan ya ƙi.

Can cikin zagaye na biyu wani ɗan tsakiya ya karɓi ƙwallo. Abokina ya zabura da kofin shayi a hannu: "Can! Hagu, hagu!" Ɗan wasan ya ɗan dakata, ya mayar da ita baya. Da aka maimaita hoton a hankali muka ga hanyar, a buɗe take, mu duka ba mu lura ba.

Wani ya ce, "Bai gani ba."

Abokina ya koma ya jingina ya ce, "Ya gani mana. Tsoro ya ji a rubuta mishi."