Hannun Robar da Na Sayo wa Gwaggo

Gwaggona, wadda ta riƙe ni a Roni tun ina ɗan yaye, an haife ta ba hannun hagu. Daga gwiwar hannu sai ɗan dungu mai laushi. Sana'arta saƙar faifai. Takan riƙe faifan da yatsun ƙafa, ta huda da basilla, ta ja kaba da leɓe, dungun kuwa yana bin saƙar yana lalubo inda ta yi sako-sako. Da shi take taɓa gefen tukunya ta san ruwa ya yi zafi. Ina yaro ban ga abin mamaki a ciki ba. Sai da na yi karatu na koyo jin kunyar abin.

Shekarar da na kama aikin gwamnati, lokacin da arzikin mai ya sa kowa yana ganin babu abin da ba ya gyaruwa, na kai ta Kano aka auna ta, aka yi mata hannun roba mai maɗauri. Ban tambaye ta ba. Ita kuma ta yi mini kara, ta bari aka ɗaura.

Bayan mako biyu na je gaishe ta. Na tarar da faifai a jingine, bai ƙaru ba. Maɗaurin ya goge mata kafaɗa, ta kuma ƙone a yatsa wajen gwada zafin tukunya.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, yana damun ki ne?"

Ta ce, "A'a, yana da kyau. Maƙwabta duk sun zo sun gaisa da shi."

"Amma ba kya saƙa."

Ta ƙwanƙwasa hannun robar da yatsa. Sannan ta ce, "Ɗan nan, ka sa mini takalmi a inda nake gani da shi."

Na tambaye ta ko ba ta taɓa jin kewar hannun ba, ko da a mafarki. Ta yi dariya. "Wane hannun? Kai kana kewar na uku?"

Shekaru bayan haka na karanta cewa wanda aka haifa ba hannu, ɓangaren ƙwaƙwalwar da zai kula da hannun ba ya zaman banza. Ƙafa da leɓe da dungu su suke raba shi. Ashe babu wani gurbi a jikinta da yake jiran cikewa. Har yau ina tambayar kaina: don ita na sayo, ko don idon abokan aikina?

A ranar waccan gaisuwar dai ni na kwance maɗaurin da kaina. Ta murza dungun a zanenta, ta jawo faifan da ƙafa. Hannun kuwa ta sa na rataye shi a bango, ta saƙala kabarta mai rini a yatsunsa.

Ta ce, "To, ga shi ya sami aikin da ya iya."