Addu'ar da Na Tsinta a Ƙasan Shafi

Sai da na haura shekara arba'in na fara riƙe fensir. Kafin nan, in aka ba ni takarda a asibiti, naɗe ta nake yi a bakin zane in kai wa maigidana, wanda yake masinja a sakatariyar ƙaramar hukuma a Azare. Aiki ne ya kawo mu daga kudancin Bauchi a zamanin soja. Ni ba a cikin coci aka haife ni ba. Aure ya shigar da ni, aka yi mini baftisma ina goyon fari. Amma da na shiga, da ƙarfina na shiga.

Cocinmu ƙarama ce, mai rufin kwano, a bayan gari. Mutanenta duk ma'aikata ne da iyalansu, malaman makaranta, 'yan sanda, masu aikin asibiti. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suka zaɓe ni mai tsawatarwa, suka laƙaba mini Saja. Ran Lahadi ina yawo tsakanin benci da dogon kara a hannu. Mai gyangyaɗi in zungure ta, mai surutu in harare ta, akuya ta leƙo in bi ta har waje. Na fi shekara goma ina wannan aiki, kuma a duk shekarun nan ban taɓa jin wa'azi ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa ba. Ina can ina gadin masu ji.

In ka tambaye ni mene ne zunubi a lokacin, zan lissafa maka a yatsu: giya, zina, sata, tsafi. Babu wanda na taɓa yi a ciki. Na ɗauki Allah kamar duba-gari ne, ya shigo gida ya leƙa randa, in ya ga ruwanki garau ya wuce gidan gaba. Tawa randar garau take. Idan muna roƙon gafarar zunubanmu a sujada, ni wa nake tunawa? Waɗansu.

Cikin waɗansun akwai wata gwauruwa, mai shara a asibiti, da muke kira Maman Biyu. Ɗaya daga cikin 'yan biyun nata, mace, tana da farfaɗiya. Wata Lahadi na ɗaga yarinyar daga ƙasa don ta tare hanya, hannuna ya ji wani ƙulli a ƙugunta. Na ɗaga rigar. Laya ce. A gaban kowa na tambayi uwar, ta ce wurin wani boka ta karɓo a bayan Udubo. Ban ko jira a tashi ba na kai ƙara wurin dattawan coci.

Aka sa mata horo. Ga wanda bai san horo ba: akan sanar da sunanki a gaban ikilisiya, ki koma bencin baya kusa da ƙofa, ba ki waƙa da mata, ba ki sa ankon zumunta, kuma ranar Jibin Ubangiji mai tire zai wuce ki da gurasa da ƙoƙo kamar ba mutum a wurin. Wata shida aka yanka mata. Da wata shidan ta cika, dattawa suka tambaye ni ko ta tuba, tunda ni nake ganin mata. Na ce ban ga hawaye ba. Aka ƙara. Haka ta shiga shekara ta biyu a bencin nan, ba ta taɓa fashin zuwa ba, ba ta kuma taɓa roƙona ba. Rashin roƙon ne ya fi ci mini rai.

Ana cikin haka aka yi mata canjin aiki zuwa ɗakin shan magani na Gololo. Wanda zai tashi daga ikilisiya sai da takardar shaida, in ba haka ba duk inda ya je baƙon ƙofa ne, babu mai ba shi jibi. Dattawa suka sa ranar Asabar za su zauna a kan maganarta, tafiyarta kuwa ran Litinin. Kowa ya san abin da na faɗa shi za a rubuta. Ni kuwa na riga na yanke ba za a ba ta ba.

A wannan shekarar ce matar Pasto ta buɗe mana ajin yaƙi da jahilci, muna kiranta Malama. Na shiga ne don kada wata ta riga ni. Bayan wata takwas na fara haɗa baƙi da kaina, amma layi uku sai ya ci mini awa guda, da gumi. Malama ta ce kowace ta buɗe Littafin Allah a gida, inda ya buɗe mata, ta karanta abin da ta iya. Kalmar da ta gagare ki, in ji ta, tsallake ta, kya dawo.

Ran Laraba da la'asar na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar asalin Borno, tana ɓarar gyaɗa a gefe.

"Maman yara, yau ma bokon ne? Karatu bayan furfura, Allah ya sa a gama kafin haƙora su zube."

"Ke dai ɓare gyaɗarki, Hajiya."

Yatsana ya sauka can ƙasan shafi. Mutum biyu suka shiga ɗakin Allah yin addu'a. Na farkon akwai wata doguwar kalma a kansa, na tsallake ta kamar yadda aka koya mana. Ya tsaya a tsaye, ya gode wa Allah da bai yi shi kamar sauran mutane ba. Ya lissafa abin da ba ya yi, ya lissafa abin da yake yi, har ya nuna na biyun ya ce shi ba irin wancan ba ne. A nan shafin ya ƙare, idona kuma ya fara ruwa. Na rufe Littafi ina jin daɗin da ban taɓa ji ba. Ashe irina suna cikin Littafin Allah. Ashe abin da nake faɗa a zuci, wani bawan Allah ya riga ni faɗa, har an rubuta.

Kashegari Alhamis, ranar zumunta. Aka ce wa za ta rufe mana da addu'a, na miƙe. Na ce yau ba addu'ar ka zan yi ba, ta cikin Littafi ce, da idona na karanto. Na gode wa Allah da bai yi ni mashayiya ba, bai yi ni mai bin maza ba, bai yi ni mai bin bokaye ba, kamar wadda take zaune a bakin ƙofa. Na ce amin da ƙarfi.

Ni kaɗai na ce amin ɗin. Na buɗe ido, mata sun fi talatin, kowace tana kallon ƙasa. Wata tsohuwar nas ta rufe baki da gefen ɗankwali. Maman Biyu ce kawai take kallona, kuma ba da fushi ba.

Malama ta bari aka watse, sannan ta ce, "Mama, zo da Littafinki." Muka zauna a bencin gaba. "Nuna mini inda kika tsaya." Na nuna. "Juya."

Na juya. Na ce ta karanta mini, ta ce a'a, ai da idona na fara. Na bi da yatsa. Mutum na biyu mai karɓar haraji ne, wanda gari duka ya san halinsa. Ya tsaya can nesa, ya kasa ɗaga ido sama, yana dukan ƙirji yana roƙon jinƙai, yana kiran kansa mai zunubi. Na ce a raina, to, ya dai san kansa. Na ci gaba. Sai na iso inda Ubangiji ya faɗi wanda ya koma gida karɓaɓɓe a cikin su biyun.

Na karanta sau uku. Na ce, "Malama, an yi kuskure a wurin bugawa."

"Ba a yi ba."

"Na farkon me ya yi? Ya sha? Ya yi sata? Ƙarya ya yi a cikin abin da ya lissafa?"

"Babu ƙarya ko ɗaya."

"To?"

"To me ya roƙa, Mama? Koma ki duba."

Na koma shafin baya na duba. Bai roƙi kome ba. Labarin kansa ya kawo wa Allah. Malama ta nuna mini kalmar da na tsallake, ta ce sunan ƙungiyar malaman addini ne, waɗanda suka fi kowa kiyaye doka a zamaninsu. Ta kuma sa yatsana layi ɗaya sama da inda na fara. A nan aka faɗi su wa aka yi wa labarin: masu ganin kansu adalai suna rena saura.

Ba kunyar mata ce ta fi damuna ba, ko da yake ita ma tana nan. Abin da ya kama ni shi ne, akwai zunubin da ba ya cikin yatsuna huɗu, ina aikata shi a cikin ɗakin Allah, da ankon zumunta a jikina. Malama ta ce zunubi tun farko ba giya ba ce, mutum ne ya ga zai iya tsayawa ba tare da Allah ba. Ta ce duka mun yi, daga Pasto har mai shara, shi ya sa aka aiko Mai Ceto, ba don a ba masu tsabta lada ba. Na ce shekara nawa ana faɗar wannan a cocin nan? Ta ce kusan kowace Lahadi.

Ran Asabar da hantsi dattawa suka kira ni. Su biyar ne da Pasto. Babban dattijo ya ce, "To Saja, me kika gani?"

Na ce, "Ku rubuta mata takarda. Ni ban san zuciyar kowa ba, ashe tawa ma ban sani ba. Sannan ku sa mini horo."

Suka dubi juna. Pasto ya ce a kan wane laifi. Na faɗa. Ya buɗe ɗan littafin dokokin ikilisiya, ya duba gaba ya duba baya, ya ce, "Mama, babu horo a kan wannan."

"Laya wata goma sha takwas, wannan kuma ko kwana ɗaya babu?"

"Laya ana ganinta," in ji babban dattijo. Wani ya yi dariya, ya ga ba na yi, ya haɗiye.

Ni na ce a ba ni takardar in kai. Na sami Maman Biyu da azahar tana ɗaure tukwane a buhu, 'yan biyun suna barci a inuwa. Ta ce, "Saja, lafiya?" Na miƙa mata. Ta goge hannu a zane, amma ba ta karɓa ba.

"Kafin in karɓa, ki sani. Ranar da kika ga layar na cire ta. Da yarinyar ta faɗi a bakin murhu na mayar. Na sake cirewa, na sake mayarwa. Sau nawa ma ban sani ba."

"Yanzu fa?"

"Yanzu babu. Amma in ta sake faɗuwa a Gololo, ba ni da kowa, ban san abin da hannuna zai yi ba. Ƙarya ce ba zan yi miki ba."

Wato na yi daidai kenan, duk watannin nan. Tsohon halina ya taso mini. Takardar tana hannuna, dattawa ba su watse ba tukuna, tafiyar minti goma ce. Na ce, "To duk Lahadin nan me kike gaya wa Allah a bencin baya?"

"Me zan gaya masa? Ni ban iya addu'a irin taku ba. Cewa nake, ka san ni, ka ji tausayina. Sai in yi shiru."

Ba ta taɓa shiga ajin Malama ba. Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Na kama hannunta na sa takardar a ciki.

Ta ce, "Me aka rubuta?"

Muka zauna a kan buhun. Layi shida ne, rubutun hannu, wanda ya fi na bugawa wuya. Sai da rana ta karkata na gama. Da na iso inda aka ce ita 'yar'uwa ce cikakkiya, a karɓe ta a teburin Ubangiji, ta ce in maimaita wurin. Na maimaita.

Ran Lahadi aka sanar an ɗage mata horo. Ba ta san inda za ta zauna ba, ta tsaya a tsakiyar hanya da yaranta, sai tsohuwar nas ta matsa mata. Mai tire ya tsaya a gabanta, ta ɗauki gurasa da hannu biyu. Da ya iso wurina, ni da na saba ɗauka kamar albashina, na daɗe ban miƙa hannu ba, har ya ce a hankali, "Mama, ana jira." Na ɗauka.

Ran Litinin na raka ta tasha da buhun tukwane a kaina. Ko ta sake ɗaura wa yarinyar laya a Gololo, ban sani ba. An sha zuwa daga can, ban tambayi kowa ba, kuma duk wanda ya san ni ya san abin da rashin tambayar nan ya ci mini.