Ya Mairam da Hitar Banɗakinta

Duk mai sayen bandar kifi a kasuwar Haɗeja ya san Ya Mairam, ya kuma san kaifin bakinta. 'Yar Auyo ce, aure ya kawo ta gari. Da mijin ya rasu, ita ta riƙe gidan. Ba ta raha, ba a taɓa mata kaya.

Ciwon gwiwa ne ya sa 'yarta Mansura ta sa aka kafa mata hita mai dafa ruwan wanka a banɗaki. In an ɗauke wuta sai Mairam ta kashe makunnin, kada a dawo da ita da ƙarfi ta ƙone. Ba a kunna ta in babu ruwa a tanki. Duk bayan damina takan kira mai gyaran famfo ya tsiyaye ruwan ciki, ya wanke farin dattin da ruwan burtsatse ke tarawa, tana tsaye a kansa tana faɗa.

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar Auyo, ƙanenta Bunu ya zo ya zauna wurinta. Tun suna yara ba sa jituwa. A gefen hitar akwai wani ɗan bawul da ke ɗiga in zafi ya yi yawa, don kada tukunyar ta fashe. Mairam ta ajiye masa kwano a ƙasa. Ɗigar ta dami Bunu, sai ya cusa kara a bakin, ya ɗaure da roba, bai gaya wa kowa ba.

Wata safiya ta ga kwano a bushe, hita tana gurnani. Ta kashe makunni, ta buɗe famfon ruwan zafi. Tururi ya feso ya sale mata bayan hannu.

Ta sami Bunu a tsakar gida yana shan koko.

"Kai ka taɓa ta?"

"Gyara miki na yi, Yaya."

"So kake ta fashe a kaina ka gaji gidan."

Bunu ya ce dama ba ta so zuwansa ba, ƙarfe ya fi ɗan'uwanta daraja a wurinta. Ba ta musa ba. A ranar aka sake bawul, ta kuma sa wa banɗakin kwaɗo, ta ɗaure makullin a haɓar zaninta.

Bunu ya koma wanka da bokiti a bayan ɗaki. Ruwan ambaliya na janyewa ya hau babur ya tafi ba sallama. Bayan girbin rani ya aiko mata wani mai babur da buhun shinkafa. Ta tsaya a ƙofa ta ce da mai babur ɗin kada ma ya kwance shi.