Wurin da Na Tashi a Kwale-kwalen Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ke haye da mutane a kwale-kwale a madatsar ruwan Jibiya. Yana shan giya. Duk dangi sun sani, amma a gidanmu ba a kiran abin da sunansa, sai dai a ce yau Kawu ba ya jin daɗi. Wani direba mai zuwa Maraɗi ke kawo masa, ya juye a gorar lemo, in ya sha ya tauna kanumfari. Mu kuma muna rufa masa asiri, wai zumunci muke yi.

Wata ranar kasuwa da damina, ruwa ya cika maƙil, na je zan haye da hantsi. Na tarar jirgin ya sha kaya, ga buhunan gero, ga awaki, ga mutane a matse. Na durƙusa na gaishe shi. Warin ya doke ni, ranar ko kanumfarin ya gaza.

Na ce, “Kawu, lahiya dai ko?”

Ya tsare ni da jajayen idanu. “Lahiya lau. Mi ka gani?”

Yaya zan ce wa ƙanen uwata a bainar jama'a ya bugu? Na ce babu komai, na zauna. Da na ga sandar tuƙi ta suɓuce masa sau biyu, sai na miƙe ina laluben aljihu, na ce na manta wayata a gida, su tafi kawai. Wayar tana aljihuna.

Wata maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa tana tsaye a gaɓa, ta rasa wuri. Ta ɗauki ƙwaryarta ta zauna inda na tashi.

Ta ce, “Allah shi yi maka albarka, malam.”

Na ce amin. Wallahi na ce amin.

Ba su kai tsakiya ba wata akuya ta zabura. Kawu ya miƙe zai cafke ta, ya yi tangaɗi, ya faɗa gefe guda, jirgin ya kife. Ina tsaye ina kallo. Masunta suka tsamo waɗanda suka iya. Kawu ko a buge ya iya ruwa, ya fito da kansa. Mai daddawar kuwa sai washegari aka samu gawarta.

A wurin zaman makoki aka ce kwana ne ya ƙare. Babu bakin da ya ambaci giya, har nawa. Na fi jin haushin kaina a kan Kawu, don shi hankalinsa a gushe yake, ni kuwa nawa garau. Da na ce kowa ya sauka, da iyakarta a ce ba ni da kunya.

Mijinta yana nan a layinmu, shi ke fama da 'ya'yansu. Duk lokacin da muka haɗu a masallaci sai ya riƙe hannuna, ya faɗa wa na kusa da shi yadda Allah ya cece ni da mantuwa. Yana faɗa ne da zuciya ɗaya, yana taya ni murna. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce alhamdu lillahi.