Batirin Kawu Sule

Duk wanda ya taso a layinmu a Nima ya san gaisuwar safen Kawu Sule. Kafin ya amsa wa kowa sai ya ƙwanƙwasa gwiwoyinsa da sukundireba: "Kun tashi? To ku ƙara barci, ina zuwa."

Mai gyaran wayar mota ne a Abossey Okai, har ranar da wata trotro, motar haya, ta zame daga kan jak ta danne masa baya, lokacin ina 'yar firamare. Ƙafafu suka daina ji. Shi dai bai taɓa yarda sun mutu ba. "Waya ce ta tsinke, inji lafiyarsa ƙalau." Tsoronsa ɗaya: likita ya ce ƙafar da ba ta motsi sandarewa take, Kawu kuwa ya rantse ba zai yi sallah da gwiwa a miƙe kamar itace ba.

Wata rana ya ji a rediyo wai a Turai ana manna wa irinsu wayoyi a cinya, lantarki ya sa ƙafar ta tuƙa keke. Ya kashe rediyon. "Sana'ata ce fa suka sace." Cikin sati aka kafe tsohon keke a baranda gaban kujerarsa, ga batirin mota, ga koyil.

Amma Kawu ba ya fara gwaji a motarsa, wato jikinsa. Ya kira amininsa, Baba Issaka mahauci, ya miƙa masa wayar da ya jona da batirin.

"Ɗan riƙe min wannan."

Sai a bakin titi muka tsinci Baba Issaka, takalmi ɗaya a ƙafa. Kawu ya gyaɗa kai. "Kun gani? Mutumin da rabonsa da gudu tun yana saurayi."

Matarsa, Mma Hawa, ta kai ƙara asibiti. Likita ya ce na Turai na'ura ce ta musamman, wannan ƙona shi zai yi, kuma ba zai ma ji ba. Ranar nan wayoyin suka ɓace. Daga baya mun gan su a tsakar gida, ana shanya a kai.

Washegari Mma Hawa ta ɗaure ƙafafunsa a feda da ɗankwali biyu, ta durƙusa tana juyawa da hannu. Kullum haka, kafin ta fita sayar da koko. Sharaɗin Kawu ɗaya: batiri ya zauna a gefe. Mai wucewa ya tambaya, sai ya ce, "Lantarki ne, irin na Turai."

Mma Hawa daga ƙasa: "Lantarkin dai bai karya ba tukuna."

"Batirin nan surutu gare shi," in ji Kawu, "amma ba ya sauka."

Shekara da shekaru. Sallarsa ta ƙarshe a kan tabarma ya yi ta, gwiwa a naɗe.

Bayan sadakar bakwai Baba Issaka ya zo zai ɗauke batirin, wai har yanzu batirin hararar sa yake. Mma Hawa ta ce, "Bar shi nan. Tare muka yi aiki."

Allah ya jiƙan Kawu, ya tashe shi a kan ƙafafunsa. Mma Hawa kuma, Allah ya hutar da hannayen nan.