'Yar Tsanar da Ta Rasa Ƙabila

Shari'a ɗaya na taɓa yankewa a duniya, kuma har gobe ban san wanda ya yi nasara ba.

Muna Azare lokacin, yaƙin Turawa bai daɗe da ƙarewa ba. Inna, mahaifiyata, Bafillatanar Shira ce, gwana wajen 'yar tsana. Ba irin ta kara ba. Tsumma take cusawa ta ɗinke, sannan ta kara kakin zuma a bakin murhu, ta yi ta murza shi da yatsa har fuska ta fito. Ta yi wa 'yata ta fari guda ɗaya, da hanci zuwat irin nata. Yarinya ta ce ai ta haihu.

Sai ga surukata daga Katagum ta zo ganin gida. Ita kuwa Babarbariya ce. A ilimina na aji biyu, surukai kunyar juna suke ji. Ashe wasan Fulani da Barebari ya girmi kunya.

"Wannan baiwar wa ce, fuska babu tsaga?" in ji surukata. Ta zaro allura ta zabga mata tsagar Barebari har haɓa.

Inna ta gani ta riƙe baki. "Wa ya yi wa tattaɓa-kunnena huɗa a fuska? Gero za a shuka?" Ta kai ta bakin wuta ta shafe. Kafin la'asar tsaga ta dawo.

Su suna shewa, yarinya tana kuka. Da safe 'yarta Bafillatana, da yamma Babarbariya. Ta ce an musanya mata 'ya, ta ajiye ta, ta ƙi cin tuwo. Nan fa aka ce a kira ɗan boko ya raba gardama. Ni ɗin ke nan.

To, suruka ba a kallon idonta, uwa ba a musa mata. Na dubi ƙasa, na yi gyaran murya irin ta alƙali, na ce kuncin hagu na Barebari, na dama na Fulani. Haka aka yi.

Inna ta ce, "Ɗan nan, a makarantar taku aka ce a ɓare mutum kamar goro?"

"Ƙyale shi, 'yar Fulani," in ji surukata. "Nono ne ya yi masa yawa a ka."

Yarinya ta ɗauki abarta, ta juya nan, ta juya can.

"Baba, wace ce wannan?"

Wallahi ban sani ba. Na dubi Inna, Inna ta dubi rufin ɗaki.

Sai yarinya ta cilla ta a baya, fuskar ta manne da gadon bayanta, ta ɗaure zane tam, ta ce a ba ta tuwonta. Daga ranar ba ta ƙara kwance goyo a gaban tsofaffin nan ba. Ni ma aka haɗa da ni. Har tsumman ya yage ban sake ganin fuskar ba, balle in faɗa muku a wace ƙabila ta ƙare.