Ɗakin da Baba ya ɗora a sama

Kakata ba ta taɓa kiran sunan mahaifina ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma daga Sakkwato ta zo da kunyarta cikakkiya. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana sai ta bakin wani. Ko tuwo ne ya nuna, ni take aika: "Je ki ce wa mai gidan nan abinci na hucewa."

Shekarar da Baba ya tara bulo a tsakar gidanmu na unguwar Nima, zai ɗora ɗaki a kan tsohon gini don mu yara mu riƙa kwana a sama, Kaka ta rage cin abinci. Kowa ya san dalili. Tana da ƙuruciya a Zongo Lane ƙasa ta yi girgiza, bango ya faɗo wa jaririnta, ƙanen Baba. Tsohon bangonmu kuwa ba ginshiƙi ba ƙarfe, ga shi ba ta da bakin faɗa masa.

Sai ta koma ga tatsuniya. Bayan magariba takan zauna gaban kurfoti, murhun gawayi, tana dafa waken da za ta sayar da safe, mu kewaye ta. Baba yana kan benci da rediyonsa, ba nisa.

"Ga wata nan tafe, ku matso," in ji ta, da muryar da ta fi ƙarfin kunnuwanmu.

Wai duniya a kan ƙahon wani sa take. In ƙahon ya gaji, sai ya mayar da ita kan ɗayan, ba ya sallama da kowa. Wasu 'yan'uwa biyu suka tashi gini. Babban ya jera duwatsu, wani kan wani, har gidansa ya fi na kowa tsayi, ana zuwa kallo. Ƙaramin ya kafa itace a kowace kusurwa ya ɗaure da igiya, aka yi ta yi masa dariya. Ran da san ya sauya ƙaho, gidan ƙaramin ya yi rawa ya tsaya. Na babban ya zube da 'ya'yansa a ciki.

A nan take tsayawa. Sai ta jawo tiren tallarta ta ce mu gina namu a kai, da kwalin ashana da gwangwanin kifi da tsinken tsintsiya da zare. Ni malalaciya ce, jera gwangwani kawai nake yi. Ta kama tiren ta jijjiga, komai ya watse, mu fashe da dariya. Ita ba ta dariya.

"Sake. Wannan karon ki ɗaure kusurwa."

Yayana Sani ne ya gano cewa in ka gitta tsinke biyu ka ɗaure, ginin yakan lanƙwasa amma ba ya faɗuwa.

"Kun gani?" ta ce, idonta a kan garwashi. "Tsayi ba ya riƙe gida, ɗauri ke riƙewa."

Baba ya ƙara muryar rediyo.

Ya ɗora ɗakinsa yadda ya shirya. Ran da aka hau da tabarminmu sama, Kaka ta naɗe shimfiɗarta ta koma ɗakin da ke ƙarƙashinmu daidai. A nan ta yi ta kwana har Allah Ya karɓi abinsa. Tatsuniyar san ma ba ta ƙara yi ba.

Na girma ina koyarwa a wata firamare a Maamobi, sai wata safiya ƙasa ta ɗan motsa. Kwanuka suka yi ƙara, ba wanda ya ji ciwo. Da na je gida na tarar bangon ɗakin Kaka ya tsage, yatsa na shiga. Baba na tsaye yana kallo, duk ya tsufa.

"Baba, ka san da kai Kaka take a tatsuniyar nan?"

"Na sani. Duk na ji."

"To me ya hana ka sa ƙarfe?"

"Jira nake ta juyo ta faɗa mini da bakinta, ko sau ɗaya. Wallahi da na rushe shi har ƙasa."

Ban ji haushinsa ba, ban ji tausayinsa ba. Na daɗe ina zaton darasin Kaka na gini ne. Yanzu in na tuna, uwa da ɗa nake gani a tsakar gida ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwansa, mu kuma shekara da shekaru muna barci a kan bangon.